Hannun Hagun Rabah

Ni ban taɓa hawa keke ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma shekara arba'in da ɗaya na yi ina girki a saman shagon mai gyaran keke. Daga madafi nake jin mahayi ya hawo titinmu, in gaya muku ko ya iya canji ko kuwa ƙarfe kawai ya samu ya ɗare. Wanda ya iya, ɗan tak za ku ji, kamar an ajiye cokali a faranti. Wanda bai iya ba, sarƙa za ta yi ta gurnani tun daga famfo har ƙofar masallaci. Mijina Mulud, Allah ya ji ƙansa, yakan ce kunnena ya fi na rabin mazan ƙauyen nan. Rage mini ya yi. Ya fi na dukansu.

Asabar ta farko bayan an gama tsinkar zaitun ake Hawan Iyaye. Duk wanda ubansa ya mutu ya bar keke, ranar zai sauko da shi daga bango, a taru a dandali, a hau har Wuyan Dutse inda maɓuɓɓuga take. A yi wa matattu addu'a, a ci kuskus, a gangaro. Doka ɗaya ce: keke ya zo yadda mai shi ya bar shi. Taya da robar birki da sarƙa, su kaɗai aka yarda a sake, don su ci suke yi su ƙare. Sauran ko kusa ɗaya ba a taɓawa.

Keken Mulud kore ne, da farantai biyu masu haƙora a wurin feda, babba na miƙaƙƙiyar hanya, ƙarami na hawa. Abin da ke ture sarƙa daga wannan zuwa wancan, canjin gaba ke nan, nasa irin na dā ne, mai sanda. Babu waya babu komai. Wata 'yar sanda ce kamar ƙotar ludayi a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, can ƙasa tsakanin gwiwoyi. In za ka canja, sai ka cire hannun dama daga kan keken, ka sunkuya kamar mai sosa ƙwauri, ka murɗa ta, ƙafa tana juyawa a hankali ba a danna ba. Duk tsawon wannan sunkuyon, hannun hagu ne kaɗai yake riƙe da ranka.

Ɗana Rabah tun yana shekara sha shida yake hawan keken nan, yanzu yana da hamsin da shida. Ko ido rufe yakan murɗa sandar nan. Ban taɓa jin sarƙarsa ta yi kuka ba.

A tsinkar zaitun ta bara na ga kwando ya suɓuce daga hannunsa na hagu har sau biyu. Na biyun ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro ne. Na ci gaba da kallo. Na ga Wardiya matarsa ce take sa masa maɓallin hannun riga. Na ga kofin gahawa ya bar hagu gaba ɗaya. Sai na tsare Wardiya muna murza kuskus, na tambaye ta. Ta ce ai sanyi ne. Na tuna mata wadda ta zauna da ita kwana arba'in-arba'in a haihuwa huɗu, lokacin da uwarta ma ba ta iya hawo dutsen nan ba. Sai ta fara hawaye a cikin garin kuskus ɗin. Ta ce sun je birni a ɓoye, likita ya ce jijiya ce ta danne daga wuya, yatsu uku ba sa ji, kuma riƙo yakan tafi ba sallama ya dawo ba sallama. Ya ce masa ya bar keke. Rabah ya ce to, suka fito, ya sa ta rantse.

Na san cewa kada ya hau ɓata baki ne. Wanda keken ubansa ya wuni a bango ranar hawa, washegari mutane ke zuwa gaishe shi kamar mara lafiya, kuma daga nan an cire shi daga lissafin maza. Ba shi da ƙani namiji, 'ya'yansa maza biyu suna can ƙetaren teku. Zai hau. Abin da ya rage mini shi ne wane hannu zai bari a kan keken.

Na sa mayafi na gangara wurin Balkasim. Shi ne yaron shagon Mulud a dā, yanzu shi ma gemu ya yi fari, kowa Dda Balkasim yake ce masa don girmamawa, kuma shi ne yake duba kekuna a dandali da tabarau a kan hanci ya ce wannan ya hau, wannan ya koma gida. Na gaya masa abin da Wardiya ta ce, na tambaye shi irin canjin nan mai waya, wanda mariƙinsa yake sama kusa da kan keke, da wane hannu ake ja. Ya ce na gaba a hagu yake, da hagu ake ja. Na ce wato dama tana riƙe da kai. Ya ce e. Na ce shi nake so a sa.

Ya ce ba zai yiwu ba. Shekara uku da suka wuce ya mayar da ɗan limami gida saboda sirdi kawai, da wane ido zai kalli mutane? Na bar shi ya gama. Sannan na tambaye shi wa ya juya matarsa Zahwa a kan gado wata bakwai, wa ya wanke ta ranar da ta cika. Ban taɓa ɗaga masa maganar nan ba a shekara tara. Ajiye ta na yi, don na san wata rana za ta yi amfani.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba datti. Sannan ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin benci ya fara tonawa. Ya ce sababbin da ake sayarwa a birni ba za su yi ba, bakinsu a lanƙwashe yake, an yi su don siririyar sarƙa da farantai masu tazara. Farantan Mulud kusan kai ɗaya suke, sarƙarsa kuma kauri gare ta, sai mai miƙaƙƙen baki, shafaffe, irin na zamanin da aka fara sa waya. Ya fito da ɗaya, ya hura masa iska, ya ɗora a tafin hannu. Ya kira sunana, da Nna ɗin da ake sa wa manyan mata.

"Nna Tasadit, ƙarfe kam kafin la'asar na sake shi. Hannun da ya shekara arba'in yana zuwa wuri ɗaya fa?"

"Sai a gaya masa an tashi daga nan."

"Hannu ba ya jin magana. Kuma mako uku ya rage."

"Ni a mako biyu na yaye shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce zai sa, zai kuma gaya wa dattawa shi ya yarda, amma in tuna ya faɗa. Na ce ina tuna komai, ai shi ya sa yake tsorona.

Rabah da farko dariya ya yi. Da ya ga ban yi ba, ya juya ya kalli Wardiya, ta shige ɗaki. Ya ce keken ubansa ne, ba a taɓa shi ba tun ranar da aka sauke gawa, ba kuma a kansa za a fara ba. Ya ce hannun ya yi sauƙi. Na miƙa masa tulun mai na ce ya riƙe da hagu har in ƙirga ashirin. Ya ƙi karɓa. Ya ce ya san hanyar nan fiye da hanyar bakinsa, wuri huɗu kawai ake taɓa canjin gaba, kowane bai fi numfashi biyu ba.

Sai na dafa ƙirjina.

"In ka hau da sandar nan, ban yafe nonon da ka sha ba."

"Yemma," ya ce, yadda ɗa yake kiran uwa a wurinmu.

"Ka ji ni."

Ban taɓa faɗa wa ɗa wannan ba, ko lokacin da ƙanwarsa ta tashi barin ƙasar. Ya tsaya, fuskarsa ta yi kamar toka. Da kansa ya sauko da keken daga bango, ya tura shi har shagon Balkasim, bai hau ba.

Daga ranar kullum da safe yake fita gwaji, ni kuma ina madafi ina saurare. Makon farko kunya ta kama ni. Mutumin da ban taɓa jin sarƙarsa ba, ga ta tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Mariƙin nan ba shi da matakala, da ji ake sanin inda ya kai. Ka tura shi ya ɗan wuce, sarƙa ta hau, sannan ka dawo da shi kamar faɗin gashi don kada bakin ƙarfen ya riƙa gogar ta. Yatsun da ba sa ji ina za su san faɗin gashi? Sau biyu ya zarce, sarƙa ta faɗa ciki ta maƙale, ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, bai kalle ni ba. Balkasim ya ce masa ya bar yatsu, ya tura da gindin tafi, ya sa kunne, ya kuma sassauta ƙafa tun kafin hannu ya tashi. A mako na biyu kukan ya ragu. A na uku na ji tak, shiru. Na aika wa Balkasim da gurasa mai zafi, na ce a tambaye shi ko har yanzu hannu ba ya jin magana.

Ranar Alhamis kafin hawa ina shanya a taga na hango shi yana tahowa ta wajen famfo. Daidai inda hanya take fara tashi, na ga kafaɗarsa ta dama ta nutsa ƙasa, kaɗan, ta dawo. Sannan hagu ta sauka ta yi aikinta. Na tsaya da rigar a hannu har ruwanta ya jiƙa mini zane. Na ce a raina ai ta dawo. Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, na ce Balkasim ya yi gaskiya ke nan, kuma kwana biyu ya rage.

Asabar gari ya waye da hazo a kan duwatsu. Kekuna ashirin da uku a dandali, maza cikin rigunan ulu na iyayensu, wasu tumbi ya fito ta ƙasa. Balkasim yana bi ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan koren keke bai ko sunkuya ba, ya wuce. Amma kowa ya riga ya gani. Muhand mahauci ya ce a'a, an kai keken Dda Mulud Makka an sa masa haƙori. Wani ya ce ba haƙori ba ne, linzami ne, ɗaya bakin wayar yana hannun Nna Tasadit, in ya yi nisa ta ja. Aka yi dariya. Rabah ya ce wa Muhand ya ji da kansa, bara sai da aka tura shi kamar amalanke. Ya yi murmushi yana faɗa, amma na ga yana buɗe hannun hagu yana rufewa a bayan cinya.

Mu mata muna bin su a baya a cikin a-kori-kurar Arezki mijin ɗaya 'yar tawa, tukwane a baya. Ni a gaba nake zama. Na ce wa Arezki ya bi bayan Rabah, kada ya wuce shi, kada kuma ya matse shi.

Canji na farko a fitar gari, lafiya. Na ga hagu ta sauka a hankali, dama tana kan keke kamar an ƙulla ta. Na biyu wajen matsar man zaitun, lafiya. Wardiya daga baya ta leƙo ta gilashi ta ɗaga mini kai. Ban mayar mata ba. Na san inda nake jira.

Bayan matsar mai hanya takan gangara kaɗan zuwa gada, keke ya ɗauki gudu a kan babban faranti. Ana ƙetare gada sai kwana ta karya hagu, hawa ya miƙe tsaye kamar bango. Dole ka sauka kan ƙaramin faranti a kan gadar, kafin hawan ya kama ƙafarka. In ka makara, sarƙa ta yi tauri ba za ta sauka ba, sai ka tsaya cak a tsakiyar mutane. A dama kwazazzabo ne, da ɗan gini iya gwiwa. A kan gadar nan Mulud ya koya wa Rabah sandar, ya sa shi ya maimaita har magariba, ya dawo yana kuka. Wurin nan ba da tunani Rabah yake canji ba, jiki ne yake yi.

Suka gangara, tayoyi suna shuu a kan kwalta mai laima. Muhand yana gabansa, wasu biyu a hagunsa, shi yana ta gefen ginin. Na ga ƙafarsa ta sassauta daidai kan gada, yadda ya kamata. Na ga hagu ta bar kan keken ta nufi mariƙin, yadda aka koya mata.

Dama ma ta tashi.

Tare suka tashi. Na ga bayansa ya sunkuya, hannun dama ya nutsa tsakanin gwiwoyi yana laluben abin da babu. Kan keken ba kowa. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma na ga komai, har yatsunsa suna murɗa iska. Ya ankara, ya kai hagu ta cafki kai, don ita ta fi kusa. Ta cafka, ba ta riƙe ba. Tayar gaba ta karkata cikin tsakuwar gefe.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙugunsa ya bugi ginin, ya kifa a kansa, rabi a hanya rabi a iska. Keken ya wuce shi ya tafi. Mun daɗe muna jin sa yana sauka.

Ban san yadda na fita daga motar ba. Na dai ga hannuna a cikin wuyan rigarsa, Arezki da Muhand suna jan ƙafafu. Da aka kwantar da shi a kwalta idonsa a buɗe yake, yana kallon hannunsa na dama. Abin da ya fara cewa shi ne ina keken. Muhand, mai bakin nan, ya juya ya kalli kwazazzabon.

Ba wanda ya kai Wuyan Dutse a bara. Tun da aka fara hawan ba a taɓa fasawa ba sai ranar. Aka sauke tukwane a bakin gada, aka shimfiɗa shi a bayan motar, kuskus ɗin matattu ya koma gari a kan kawunan mata. Ƙugu ya karye, da ƙashin kafaɗa, da haƙarƙari biyu. Wata biyu a asibitin birni, da ƙarfe a cikin cinya.

Ba wanda ya ce mini komai. Mata suka yi ta zuwa sannu, su ce Allah ya kiyaye gaba, su sha gahawa su tafi. Wardiya ba ta canja mini fuska ba. Balkasim, wanda ya ce in tuna ya faɗa, bai zo karɓar abinsa ba. Na jira shi, na shirya abin da zan ce, bai zo ba. Ya dai ɗauki igiya da maza huɗu suka sauka kwazazzabon suka hauro da keken. Tayoyi sun tafi, ƙafar gaba ta lanƙwashe, amma jikin yana nan. Da ma zagina aka yi. Zagi ana ramawa a wuce wurin.

Rabah ya tashi da sandar dogarawa, daga baya ya ajiye ta. Hannun hagu bai dawo ba, yatsa na huɗu ma ya bi sauran. Tun da rani nake jin motsi a tsohon shagon da ke ƙarƙashina, ana buga ƙarfe a hankali, ana ɗaura waya a taya. Ban sauka ba. Na yi tunanin in sake dafa ƙirji in ce kada ya hau ko da wane iri. Amma irin wannan magana sau ɗaya uwa take da ita, ni kuwa na kashe tawa a kan ƙarfe.

Shekaranjiya bayan azahar ya hauro madafi, yana jan ƙafar kaɗan. Ya ɗauki farantin da nake tsince wake ya juye waken a kwano, ya ɗora abu biyu a kai, ya ajiye mini a cinya. Sandar ubansa, an goge ta tana ƙyalli. Da mai wayar, an miƙe bakinsa. Ya zauna a ƙasa a gabana, ya ce keken ya haɗu, wannan kaɗai ya rage. Ya ce in aka sa sanda, hagu ce za ta riƙe shi a kan gada, kuma na san halinta. In aka sa waya, ya yi wata uku yana gwaji a tsaye a shago, dama ba ta tashi ba ko sau ɗaya, amma shago ba gada ba ne. Babu fushi a muryarsa. Na nema, ban samu ba.

"Wanne za a sa, Yemma?"

"Ni na taɓa hawa keke?"

"Ba ki taɓa ba. Amma rantsuwarki tana kaina, ke kaɗai za ki iya ɗage ta. In kin bar ta, waya. In kin ɗage, sanda."

"In na ce kada ka hau fa?"

Ya kalli farantin. Na gane wannan ba ya cikin zaɓin da aka kawo mini.

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Ya ce to, ya tashi da kyar, ya bar mini farantin. Yana nan a kan taga, na rufe shi da tsumma. Yau Laraba.